Inda Fenti Bai Kai Ba

Sallama gare ku masu bibiyar wannan shafi. Sunana Turai, mutuniyar Anka. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai dai in wuce shi. Ni ke faɗi ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana, don ba daɗin baki na zo yi ba. An ce nan ake kawo labarin soyayya. To nawa ma akwai manemi a ciki, da turare, da kaset. Sai dai ku yi haƙuri da inda ya dosa.

Mijina Hammadu ma'aunin hatsi ne. Kasuwar Anka, ta Bukkuyum, ta Gummi, duk a kan baƙin kekensa yake cin su, mudu da allurar buhu ɗaure a kariya. Keken nan ya fi wasu 'yan'uwa amfani a gidanmu. Da Allah Ya karɓi ransa na shiga takaba, keken yana jingine a ɗakin zaure, makullin yana hannun yayana Maikuɗi, tunda shi ke karɓar masu gaisuwa. Ranar sadakar bakwai aka buɗe ɗaki, babu keke.

Ina ciki kan tabarma, ba ni da halin fita. Labari ne ya iso mini ta bakin mata. Wai Yaya Maikuɗi ya tsaya a ƙofar masallacin unguwarmu bayan azahar, gaban liman da mai unguwa, ya ce da idonsa ya ga Faruku yana tura keken uban da sanyin safiya. Wai yaron da bai jira ƙasar kabarin ubansa ta bushe ba.

Wannan sunan da na bari aka rubuta, daga bakin yayana ya fito, ba nawa ba. Ɗana ne na fari. Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba, amma mu haka muka taso: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a shigar masa faɗa gaban mutane. Shekara ashirin da shida ina ce masa "kai" ko "yaron nan". Ranar ya shigo ya durƙusa bakin ƙofar ɗakina, mata cike da ɗaki, ya ce, "Inna, kin ji abin da Kawu yac ce. Ke mi kika ce?"

Na sunkuyar da kai na ja carbi. Kunya ce, wallahi kunya ce. Ina jin matan suna yaba mini, wai dubi kara irin ta Turai. Shi kuwa ya daɗe a durƙushe, sannan ya tashi. Kafin arba'in ya kwashi matarsa da 'yarsu ya koma Gummi, yana ɗinkin buhu a kasuwa. Shekara uku bai taka Anka ba. Sallah ta zo ta wuce, sai dai ya aiko da atamfa ta hannun Sambo direba, babu saƙon baki. Gonar Hammadu kuwa, yayana ya ce bari ya riƙa nomawa kada ta mutu. Ya riƙa nomawa ɗin.

Ni ma sai jiki ya fara tambayata. Gwiwoyina suka kumbura, in na zauna wankin wake sai na dafa turmi nake tashi. A asibiti suka ce sukari ya yi yawa a jinina, nauyi kuma ya fi ƙarfin ƙafa. Wata nas, Malama Zinatu, 'yar ƙanwar ƙawata ce, ta ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai na motsa. Na ce in motsa in je ina, ni da zuwa rijiya ya gagare ni? Ta ce in zo gidanta da hantsi in gani.

Na je. Ɗaki ne babba da ta kwashe kayan ciki, ta shimfiɗa leda, ta jera kekuna uku. Kowanne an ɗaure shi kan wani katako, tayar baya a sama ba ta taɓa ƙasa. Mata tsofaffi irina a kai, sun ɗaure zani bisa dogon wando, suna ta murza feda, gumi na zuba, ba su je ko nan da ƙofa ba. Na tsaya na riƙe baki. Ƙawata Uwani tana kan na tsakiya, ɗankwali ya zame, ta ce, "Shigo Turai, mun kusa Gusau, ke kaɗai muke jira."

Malama Zinatu na tsaye da agogon tebur a hannu. Ita ke cewa a hankali, ita ke cewa a ƙara, ita ke cewa a miƙe baya. Ranar farko mata biyu suka kama ni suka ɗora, na yi minti uku na ce a sauke ni kafin in mutu a kan abin da ko tafiya ba ya yi. Kwana uku ina zama a karkace. Amma na koma. Bayan wata ɗaya na tashi daga tabarma ban dafa komai ba, sai da na kai ƙofa na tuna.

Matsalar, mata sun yi yawa, kekuna uku. Sai ki zo da hantsi ki zauna jiran layi har rana ta take. Malama Zinatu ta ce duk mai hali ta nemo nata, ba sai sabo ba, ba sai mai kyau ba, in dai feda na juyawa kuma sirdi bai yage ba. Ai ba titi zai hau ba.

A nan Makau ya shigo.

Makau mai gyaran keke ne, rumfarsa na Bukkuyum, abokin yayana tun suna samari. Matarsa ta rasu, ya ce ni yake so. Kullum ranar Juma'a sai ga shi a zaurena cikin shadda ruwan toka da ta sha bugu, hula an karya ta gefe, turarensa na riga shi shigowa, amma ƙarƙashin farcensa baƙin mai na nan. Ya zo da tsire a takarda, ya zauna yana ba ni labarin yadda ɗakin marigayiya yake da siminti da silin. Ranar da bai zo ba sai ya aiko Sambo direba da kaset. Tunda ba na karatu, magana yake ɗauka ya aiko. In saka a rediyo in ji shi yana gyaran murya: "Gaisuwa ga tauraruwar matan Anka. Turai, tun da nig gane ki tuwo ya daina yi mini daɗi." Uwani ta ce ƙarya yake, wuyansa ya fi na bara kauri.

Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan saurara. Mace ta shekara uku ita kaɗai a gida, ɗa ya yi fushi, wani ya zo yana tambayar gwiwarta. Yaya Maikuɗi kuma ya tsaya mini a wuya. Duk shigowarsa maganar ɗaya ce: zamana haka ba mutunci ba ne, Makau mutumin kirki ne, in na koma Bukkuyum shi zai kula da gidan nan kada ya rushe. Gona ya kula da ita, yanzu saura gida. A lokacin ban haɗa biyun ba.

Da na yi wa Makau maganar keke, sai ya tambaye ni ko da gaske keken ba zai riƙa fita ba. Na ce ɗaure shi za a yi a ɗaki, ko zaure ba zai gani ba. Ya sake tambaya, maza ba sa shiga ɗakin? Na ce wane namiji zai shiga inda tsofaffi ke gumi da wando. Fuskarsa ta washe. Ya ce yana da wani a ajiye, ba don kowa ba sai don ni, in zo ranar kasuwa in gani. Ya so ya ba ni kyauta, na ƙi. Na ce abin da zan hau kullum gara ya zama gumina ne, kada gobe a yi mini gori. Na sayar da tunkiyata.

Ranar kasuwar Bukkuyum na saka atamfata mai ganyen kuka, na yafa farin mayafi, muka hau motar Sambo ni da Uwani. Makau bai nuna mana kekunan da ke gaban rumfa ba. Can baya ya shiga, ya ɗaga wasu buhuna, ya jawo wani kore shar, fenti har kan ƙararrawa. Tayoyin sun saki, ƙura ta kwanta a sirdi. Na tambaye shi ina ya samo shi. Ya ce wani Bafulatani ne ya kawo daga wajen Gummi, shekarun baya, bai dawo ba. Uwani ta ce koren ya yi yawa, kamar an tsoma shi a miyar kuɓewa. Ya ce ai don Turai ya sake masa fenti. Araha kam ya yi mini araha, har na ji kunya. Shi da kansa ya naɗe shi da buhu kafin a ɗora saman mota, wai kada rana ta ɓata fentin.

Washegari Malama Zinatu ta kira kafintan da ke yi mata katakon. Ya tsaya a tsakar gida, mu muna daga baranda. Ya ce sai an kifa keken ya auna gindinsa, inda ƙarfen feda ke ratsawa, don nan ne zai zauna kan katako. Ya kifa shi, sirdi a ƙasa, tayoyi a sama.

Ku da kuka san masu fentin keke, a tsaye suke shafa shi. Su bi sama, su bi gefe, inda ido ke gani. Ba mai kwantawa ƙasa ya leƙa ciki. Gindin keken nan baƙi ne. Kuma a kan baƙin akwai huji uku a jere da ƙusa ta yi, da zane ɗaya a ƙarƙashinsu.

Alamar Hammadu ce. Ita yake sa wa buhunansa da shuni don kada su ɓace a kasuwa. Ranar da ya sayo keken, ni na riƙe masa shi a kife yana buga ƙusar, guduma ta kuɓuce ta sami babban yatsana. Farcen bai sake fitowa daidai ba, ga shi nan a tsage har yau. Na sauka daga baranda ban san na sauka ba. Na sa wannan yatsan a kan hujin, ɗaya, biyu, uku.

Uwani ta ce lafiya? Na ce lafiya lau, a ɗaura.

Aka ɗaura. Na hau. Ranar na yi abin da ban taɓa yi ba, Malama Zinatu ta ce a tsaya ban tsaya ba. Ina murzawa ina lissafin abin da aka yi mini. Keken da duk dattijon Anka zai gane ko an yi masa fenti, shi ya sa ya shekara uku ƙarƙashin buhu, ba ya sayuwa. Sai ga wawuya ta zo tana neman keken da ba zai taɓa ganin titi ba. Ina ya fi ɗakin tsofaffin mata kyan ɓoyo? Ya sayar wa matar mai keke keken mijinta, ya haɗa mata da kaset. A ransa mace mi ta sani game da keke. Kuma in keke na hannun abokin yayana, to wa yayana ya gani yana turawa da sanyin safiya?

Da na sauka na faɗa wa Uwani da Malama Zinatu. Uwani ta ɗaure ɗankwali a ƙugu ta ce mu tafi yanzu mu ci mutuncinsa a tasha. Na ce a'a. In na yi ihu yau, gobe a ce ai yaron ne ya sayar wa Makau, magana ta koma inda take. A ƙofar masallaci aka kashe sunan ɗana, gaban manya. Gaban waɗannan manyan nake so a tashe shi.

Mako biyu na yi ina dafa abin a ciki. Makau ya zo Juma'a na ba shi fura da nono mai kyau, har na tambaye shi silin ɗin ɗakin fari ne ko shuɗi. Na aika aka kira Yaya Maikuɗi na ce na amince, a zo a yi magana. Amma ina da sharaɗi: a zauren Hammadu za a zauna, kuma liman da mai unguwa da dattijan da suka sallaci mijina su zo, don su suka raka ni shiga takaba, su ya kamata su ga fitata daga gidan. Yayana ya yi ta sa mini albarka. Ya ce dama ya san ni da hankali.

Ranar Asabar bayan la'asar zaure ya cika. Makau da ƙaninsa da goro a ƙwarya. Tun da rana Uwani ta shimfiɗa tabarmi, ta ajiye rediyona a lungu ta rufe da kwando. Kaset ɗin ciki na Makau ne, wanda ya ce ni tauraruwa ce. Na toshe hujin bayansa da takarda don ya ɗauki sabuwar magana a kan tsohuwa. Da ta kai musu ruwa ta danna madannin ɗaukar magana.

Liman ya buɗe da addu'a, yayana ya fara jawabi. Ni kuwa na kwance keken tun safe an kawo mini gida. Na saka hijabi, na kama shi, na turo shi ta ƙofar cikin gida har tsakiyar zaure, ƙararrawa na ƙara da kanta. Maza suka janye ƙafafu. Yayana ya ce, "Turai, mi ne haka? Koma ciki, ana magana."

Ban kula shi ba. Na gaishe da liman, na gaishe da mai unguwa. Sannan na kama keken na kifa shi da hannuna. Wata uku baya ko tulu ba na ɗagawa. Na ce wa mai unguwa, shi da ya sha sayen dawa hannun Hammadu, ya matso ya duba ko ya san wannan alama. Ya sa tabarau ya sunkuya. Ya daɗe. Ya ɗago ya ce ko a cikin buhu dubu zai gane ta.

Na juya ga Makau.

"Malam Makau, kai kac ce mini Bafulatani ya kawo ma shi. Ga liman, maimaita."

Ya cire hula ya mayar. Ya ce ai kekuna da yawa ke ratsa hannunsa, mutum ba zai tuna ba. Yayana ya yi caraf ya ce to ai magana ta fito, yaron ne ya kai masa, dama ya faɗa tun farko.

Wannan nake jira. Na ce madalla. In yaron ne ya kai masa, to Makau ya sayi kayan sata yana sane, don ya zo gaisuwar Hammadu, yana tsaye a ƙofar masallaci ranar da aka yi maganar, ya ji ana neman keke ya yi shiru, ya shafe shi da fenti ya ɓoye shekara uku. Na ce gobe da safe sai mu hallara gaban alƙali, shi da keken, ya yi bayani can. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa a tsorace yake da kalmar sata. Na ga gumi ya tsattsafo masa ta ƙarƙashin hula. Ƙaninsa ya matsa gefe ya bar shi.

"Ni ban ga yaro ba," in ji Makau. Muryar ba irin ta kaset ba ce. "Maikuɗi ya kawo mini shi. Yac ce Turai ta ba shi ya sayar a yi sadaka. Sai bayan na ji maganar masallaci nig gane, kuma ya roƙe ni in rufa."

Yayana ya miƙe yana rantsuwa, liman ya ce ya zauna kada ya ƙara wa kansa. Ya zauna. Sai ya sauke murya ya dube ni, ya ce, "Turai, nono guda munka sha. So kike a yanke mini hannu kan tsohon keke?"

"Hannunka ban da abin yi da shi, Yaya. Bakinka nika so. Inda kat tsaya kaf faɗi, nan za ka tsaya ka warware."

Mai unguwa ya ce wannan ba ta nemi da yawa ba. Ya ƙara da cewa maganar gona ma a bar wa mai ita daga wannan damina. Na ɗauki ƙwaryar goro na miƙa wa ƙanin Makau, na ce su tafi da abinsu kada ya bushe. Makau ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ce wani abu. Na ce masa keken dai na saya, ba zan mayar ba, kuma ya gode Allah ban ce ya kankare koren da farcensa ba.

Washegari bayan azahar Yaya Maikuɗi ya tsaya a ƙofar masallaci. Ban je ba, amma na sa kujera a zaure inda nake hango taron. An ce da ƙyar ake jin muryarsa, har wani tsoho ya ce ya ɗaga, ai wancan karon bai yi ƙasa da ita ba. Na ji daɗi. Ba zan yi muku ƙaryar cewa tausayi ya kama ni ba. Na ci tuwo ranar har da ƙari.

Na ciro kaset na saurara. Komai ya shiga, har tarin liman. A ƙarshe, inda maganar zaure ta ƙare, sai muryar Makau ta dā ta ɓullo tana nanata cewa tuwo ya daina yi masa daɗi. Uwani ta yi dariya har ta kwanta. Ta ce in ƙara tawa maganar a bayan kaset ɗin kafin a kai wa yaron. Na danna, na buɗe baki, na rufe. Me zan ce? Ai gaskiya ta fito, zai ji da kunnensa. Na naɗe kaset a ƙyalle na ba Sambo direba, na ce ya sa a hannun yaron.

Na share ɗakin ɗana. Na sa aka yi wa bangon farar ƙasa, na wanke randa, na sayi ɗan kunne na roba don jikata da ban gani ba tun tana rarrafe. Kwana biyu ina jin ƙarar mota ina leƙawa.

Rana ta uku Sambo ya yi sallama. Shi kaɗai. Ya miƙo mini kaset ɗin a ƙyallensa, yana kallon ƙasa. Ya ce ya sami yaron a rumfa, yaron ya saurara sau biyu, allura na hannunsa bai ɗinka ko ɗaya ba. Na ce to, yaushe zai taho? Sambo ya ce, "Inna Turai, cewa yay yi in gaya miki ya ji muryar Kawu, ya ji ta Makau, ya ji ta liman. Yac ce shi dama ya san bai ɗauki keke ba. Tambayar da yay yi a bakin ƙofarki ce har yau ba a ba shi amsa ba."

Na zauna a kan turmi. Mako biyu ina wasa wuƙa don mutum biyu, ashe mu uku ne.

Ban yi kuka ba. Na ce wa Sambo gobe ya ajiye mini gaban mota, kuma ya tanadi igiya. Na aika wa yayana cewa ya shirya, tare za mu, shi zai sauke keken a tashar Gummi ya tura shi da hannunsa har ƙofar gidan. Ya aiko wai ƙafarsa na ciwo. Na ce a gaya masa akwai ɗaki gidan Malama Zinatu, in mun dawo sai a ɗora shi kan keke ya motsa ta.

Mun isa Gummi rana tsaka. Na sauka daga mota ba wanda ya riƙe ni. Yayana na gaba da koren keke, babbar riga na shiga cikin sarƙa, mutane na kallo, ni ina biye da ƙullin kayana a ka. Sambo ya nuna mana gidan, ƙofar langa-langa da labulen buhu. Yayana ya jingine keken ya gyara murya zai yi sallama, wai a ce ana kiran mai gida.

Na ce ya matsa.

Na tsaya a bakin ƙofar. Maƙwabta mata sun leƙo, ga masu wucewa, ga yayana, ga Sambo. Shekara ashirin da tara harshena bai taɓa ɗaukar sunan nan ba, ban ma san yadda zai fito ba.

"Faruku," na ce. Ya fito a shaƙe, don haka na sake, yadda duk layin zai ji. "Faruku, ni ce. Ba ka ɗauka ba. Tun ranar na san ba ka ɗauka ba."

Ƙarar turmi da ake daka a cikin gidan ta tsaya. Na ji takun takalmi yana matsowa, ya zo daf da ƙofa ya tsaya. Sai labulen buhun ya motsa.